Tambayoyi da Amsoshi kan Furotin Masu Haɓaka Ƙwayoyin Halitta a Binciken Ƙwaƙwalwa da Zuciya

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku da matasan malamai a nan Sakkwato, musamman masu nazarin aikin jiki da magunguna da sinadaran jiki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta. Akwai kuma tambaya guda da ta fi zuwa daga dangin marasa lafiya, an sa ta a ciki saboda muhimmancinta.

Mene ne furotin mai haɓaka ƙwayoyin halitta?

Furotin ne ƙarami da wata ƙwayar halitta ke fitarwa domin isar da umarni ga wata: ta rayu, ta rabu biyu, ta miƙe, ta yi ƙaura, ko ta rikiɗe zuwa wani nau'i. Yana yin haka ne ta hanyar maƙalewa a jikin wani makarɓi da ke bayan ƙwayar, makarɓin kuma ya tayar da jerin saƙonni zuwa cikinta. Ƙwayar da ba ta da makarɓin ba za ta ji umarnin ba ko da an cika mata ruwan renonta da furotin ɗin.

Na farko da aka gano shi ne NGF, mai raya jijiyoyi, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka yi aiki a kansa a Jami'ar Washington da ke St. Louis ta Amurka cikin shekarun 1950. Daga baya Cohen ya lura cewa wani ruwa da ya tato daga gaɓar da ke fitar da yawu a jikin ɓera yana sa jariran ɓeraye buɗe ido da fitar da haƙori kafin lokaci, ta haka ya gano EGF, mai haɓaka ƙwayoyin fata, a 1962. An ba su biyun lambar yabo ta Nobel a 1986.

Me ake nufi idan aka ce furotin ɗin “rikombinan” ne?

Ana nufin ba daga jikin mutum ko dabba aka tatso shi ba. Ana ɗaukar ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin furotin ɗin, a dasa ta cikin bakteriya ko yis ko wasu ƙwayoyin dabba da ake reno a ɗakin gwaji, su riƙa ƙera shi, sannan a tace. Herbert Boyer da Stanley N. Cohen ne suka buɗe wannan hanya a 1973 (wannan Cohen ɗin daban yake da mai lambar Nobel da aka ambata a sama, ɗalibai na yawan haɗa su a rubutu), kuma insulin da aka amince da shi a 1982 shi ne magani na farko da aka samar ta haka.

Amfanin hanyar a bayyane yake idan aka tuna yadda aka samo BDNF, wani furotin mai raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a 1982: Yves-Alain Barde da Hans Thoenen sai da suka sarrafa ƙwaƙwalwar aladu mai yawa kafin su sami ɗan abin da za su auna. Yau ana iya sayen mikrogiram 10 a 'yar kwalba, mai tsarki, kuma iri ɗaya da wanda mai bincike a Kano ko Landan zai saya.

Waɗanne ne aka fi amfani da su a binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi?

NGF da BDNF da NT-3 'yan gida ɗaya ne. NGF yana aiki ta makarɓin TrkA, BDNF ta TrkB, NT-3 kuma galibi ta TrkC, dukkansu kuma suna iya kama wani makarɓi mai suna p75. BDNF ne ya fi shahara a wurinmu saboda alaƙarsa da koyo da riƙe abu a ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa da farfaɗowa bayan shanyewar ɓarin jiki. GDNF, wanda aka gano a 1993, yana raya ƙwayoyin jijiya masu fitar da dofamin, su ne ke mutuwa a cutar Parkinson. Masu renon ƙwayoyin asali na ƙwaƙwalwa kuwa, wato ƙwayoyin da ba su riga sun rikiɗe zuwa wani nau'i ba, sun dogara da EGF da FGF-2, yawanci nanogiram 20 na kowanne a mililita ɗaya, tun bayan aikin Reynolds da Weiss na 1992 da ya nuna cewa ƙwaƙwalwar ɓeran da ya girma na ɗauke da ƙwayoyin da za su iya rabuwa su zama sababbin ƙwayoyin jijiya.

A ɓangaren zuciya da hanyoyin jini fa?

Jagora a nan shi ne VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace ya raɗa wa suna a 1989, bayan rukunin Harold Dvorak ya fara ganin aikinsa a 1983 a matsayin abin da ke sa hanyoyin jini yoyo. Yana sa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin jini su yaɗu su tsiro da sababbin rassa, ta makarɓin VEGFR2, kuma nau'in da aka fi saye shi ne VEGF-165. FGF-2 na taimaka masa, PDGF-BB kuma na janyo ƙwayoyin da ke naɗe sabuwar hanyar jini su ƙarfafa ta. TGF-beta 1 shi ne babban mai sa zuciya ta yi tabo ta sandare, don haka duk mai nazarin illar hawan jini ga naman zuciya zai ci karo da shi. Neuregulin-1 na kare ƙwayoyin naman zuciya ta makarɓan ErbB2 da ErbB4. An ƙara gane girman aikinsa ne da aka ga maganin sankarar mama trastuzumab, mai toshe ErbB2, yana raunana zuciyar wasu mata. Masu mayar da ƙwayoyin asali zuwa ƙwayoyin zuciya masu bugawa kuwa sukan yi amfani da Activin A da BMP4.

Mahaifina ya sami shanyewar ɓarin jiki. Za mu iya sayen BDNF a yi masa allura?

A'a, kuma muna roƙon kada a gwada. Abin da kamfanonin kayan bincike ke sayarwa an rubuta a jikinsa cewa na bincike ne kawai. Ba a ƙera shi bisa ƙa'idar magungunan mutane ba, kuma ba magani ne da NAFDAC ta yi wa rajista ba. Ko da an sami mai tsarkin magani, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su ba da abin da aka yi fata ba. BDNF bai taimaki masu cutar ALS, mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, ba a babban gwajin da aka wallafa a 1999. NGF ya gaza a gwajin ciwon jijiya na masu ciwon suga, kuma yana jawo zafi a wurin allura. An zuba GDNF kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson a Bristol ta Ingila, amma sakamakon da aka fitar a 2019 bai kai ma'aunin da aka gindaya ba. Haka aka yi da zuciya: gwajin FIRST na FGF-2 a 2002 da gwajin VIVA na VEGF a 2003 ba su nuna fifiko kan allurar da ba magani a cikinta ba a babban abin da aka auna, VEGF kuma na iya sa jini ya faɗi.

Akwai 'yan kaɗan da suka zama magani, kuma abin lura shi ne inda ake sa su. Cenegermin, wato NGF na ɗigawa a ido, ya sami amincewa a Turai a 2017 da Amurka a 2018 domin gyambon baƙin ido da mutuwar jijiya ke haddasawa. Becaplermin, wato PDGF-BB, ana shafa shi a gyambon ƙafar masu ciwon suga tun 1997. Duka biyun ana sa su ne kai tsaye a kan ciwon, ba sai sun bi jini ba (dubi amsar da ke magana kan yi wa ɓeraye allura). Abin da zai amfani Baba yanzu shi ne kula da hawan jininsa, shan magungunan da likita ya rubuta a kan lokaci, da zuwa gashin ƙashi ba fashi. Allah Ya ba shi lafiya.

Wanne ya fi, wanda aka ƙera a bakteriya ko wanda aka ƙera a ƙwayoyin dabba?

Ya danganta da furotin ɗin. Bakteriyar E. coli ta fi araha da sauri, amma ba ta liƙa wa furotin sarƙoƙin suga, kuma sau da yawa takan tara shi a dunƙule, sai an narkar an sake naɗe shi, a nan kuma wani kaso yakan naɗu ba daidai ba. EGF da FGF-2 da BDNF ba su damu da rashin sugan ba, na bakteriya ya wadatar. TGF-beta 1 kuwa an fi ƙera shi a ƙwayoyin reno na dabba ko na mutum, irin su CHO ko HEK293, saboda wahalar naɗinsa.

Babbar matsalar na bakteriya ita ce endotoksin, guba daga bangon bakteriyar kanta. Ƙwayoyin garkuwa na ƙwaƙwalwa, wato mikrogiliya, da ƙwayoyin cikin hanyoyin jini suna tashi da ɗan ƙanƙanin abu daga gare shi, har mai bincike ya ɗauka furotin ne ya jawo kumburin da ya gani. A duba takardar kamfani: kada ya wuce EU 1 (EU ma'aunin endotoksin ne) a mikrogiram ɗaya, mai nazarin kumburi kuma ya nemi wanda bai kai 0.1 ba.

Ina aiki da ɓera. Dole ne in sayi furotin na ɓera?

Ba kullum ba. Cikakken BDNF na mutum da na ƙaramin ɓera (mouse) da na babba (rat) irin Wistar iri ɗaya ne baƙi da baƙi, FGF-2 da VEGF na mutum ma suna aiki a ƙwayoyin ɓera. Amma LIF, wani furotin da ake renon ƙwayoyin asali da shi, na ƙaramin ɓera ba ya aiki a ƙwayoyin mutum. A duba kowane furotin shi kaɗai kafin a biya kuɗi.

Tunda daga alade aka fara samo BDNF, akwai wani abu na alade a wanda ake sayarwa?

Wanda ake sayarwa yau ba a ƙwaƙwalwar alade ake tatsarsa ba. Ƙwayar gadon mutum ko ta ɓera ake dasawa a bakteriya ko wasu ƙwayoyin reno, kamar yadda aka bayyana a amsa ta biyu. Abin da ake yawan haɗa shi da shi a kwalba shi ne BSA, furotin daga jinin shanu. Inda mai kiyayewa zai sa ido shi ne sauran kayan aikin reno, domin tirifsin da ake ɓamɓaro ƙwayoyi da shi da hefarin da ake haɗawa da FGF-2 galibi daga alade ake samo su, ko da yake tirifsin na da madadi da aka ƙera ba tare da dabba ba. Wannan bayanin asalin kaya ne. Hukuncin taɓa su a wurin aiki na malaman fiƙihu ne.

Zai jure tafiya har Sakkwato da zafinmu?

Yawancinsu a bushe ake aiko su, an daskarar an zuƙe ruwan, kuma a wannan hali suna jure kwanaki a abin da kamfanoni ke kira zafin ɗaki. To amma zafin ɗakin da suke nufi digiri 20 zuwa 25 ne. A watan Afrilu da Mayu inuwar Sakkwato na haura digiri 40, bayan motar da ta taso daga Legas ko Kano kuwa ya fi haka nesa, ga kuma kwanakin da kaya kan yi a hannun kwastan. Furotin da zafi ya warware naɗinsa kamar ƙwai ne da aka dafa, sanyaya shi daga baya ba ya mayar da shi ɗanye, kuma ido ba ya gane bambancin a cikin kwalba.

Shawararmu ita ce a tsara saye ya faɗo cikin hunturu, tsakanin Nuwamba da Janairu, a nemi busasshe maimakon narkakke, a sa dillali ya rubuta ranar da kayan suka shigo ƙasa da yadda ya ajiye su, a kuma ɗauko su daga filin jirgi cikin kula mai ƙanƙara. Narkakken furotin sai da busasshiyar ƙanƙara yake tafiya. Idan akwatin ya iso babu sauranta a ciki, a ɗauki hoto a sanar da kamfani a ranar. A haƙiƙa, a yanayinmu, abin da ya sami kwalbar tsakanin tashar jirgi da firiza ya fi sunan kamfanin da ya ƙera ta tasiri a kan sakamako.

Yaya ake narkar da shi?

Wanda bai saba ba yakan buɗe akwati ya ɗaga kwalbar zuwa haske ya ce an aiko masa da wofi, domin mikrogiram 10 ba ya wuce wani ɗan fari-fari a gindin kwalba, wani lokaci ma ba a ganin komai. Kafin a cire murfi a juya kwalbar a injin santirifuj na ɗan lokaci, saboda garin da ya manne a murfi ya sauka. Sannan a zuba ruwan da takardar kamfani ta ambata, ba wanda aka saba da shi ba: wasu ruwa mai tsarki suke so, wasu ruwan gishirin ɗakin gwaji da ake kira PBS, TGF-beta 1 kuwa sai da ɗan asid, yawanci HCl mai ƙarfin milimola 4. A bar shi ya narke da kansa na 'yan mintuna, a juya a hankali, kada a girgiza shi a inji har ya yi kumfa.

Waɗannan furotin suna manne wa bangon roba da gilashi, kuma idan an tsarma su da yawa, kaso mai yawa na iya ƙarewa a jikin bututu. Shi ya sa ake ƙara BSA kashi 0.1 cikin ɗari, ya riga su mamaye bangon. Idan za a yi wa dabba allura ko a liƙa wa furotin ɗin wata alama, sai a sayi wanda ba a haɗa da BSA ba.

Yaya za mu ajiye shi alhali wuta ba ta tsayawa?

Abin da ke kashe shi a firiza shi ne narkewa da sake daskarewa. Don haka ranar da aka narkar, a raba shi ƙanana-ƙanana a bututai, kowanne daidai aikin rana ɗaya ko mako ɗaya, a rubuta suna da ƙarfi da kwanan wata, a sa a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili. Wanda aka fitar ba ya komawa. A riƙe shi a firji a yi amfani da shi cikin kwanakin da takarda ta yarda. Firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba, domin takan ɗumama lokaci-lokaci.

A sa bututan a tsakiyar firiza, nesa da ƙofa, a kewaye su da robobin ruwa daskararru. Akwai dabara mai sauƙi ta gane abin da ya faru cikin dare: a daskarar da ruwa rabin bututu, a kifa shi a ajiye kusa da kayan, idan aka tarar ƙanƙarar ta sauko ƙasa, firizar ta narke. Ya kamata kuma a raba kayan gida biyu, rabi a wani ɗakin gwaji mai sola ko janareto na daban.

Nawa zan saya?

A fara lissafi daga ƙarfin da ake bukata. Mikrogiram 10 nanogiram 10,000 ne, saboda haka a kan nanogiram 20 a mililita zai ishi mililita 500 na ruwan reno. Idan an narkar da shi a mikrolita 100, mikrolita 2 ya ishi mililita 10. A tuna cewa FGF-2 na saurin lalacewa a digiri 37 na akwatin reno, don haka ana sabunta shi kullum ko bayan kwana biyu, wannan kuma na ninka abin da za a kashe. Gara a sayi abin da zai kai ƙarshen aikin daga rukuni ɗaya, a rubuta lambar rukunin a kundin digiri, domin ƙarfi na iya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Ɗalibai biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su sayi babbar kwalba su raba ranar narkarwa, yawanci ya fi sauƙi.

Ta yaya zan tabbatar yana da rai kafin in dogara da shi?

Tsarkin kashi 95 ko 98 cikin ɗari da ke kan takarda na nuna cewa babu wasu furotin da yawa a ciki, ba ya nuna cewa wannan yana aiki. Lambar da ke magana kan aiki ita ce ED50, wato ƙarfin da ke ba da rabin cikakken tasiri a gwajin kamfani, kuma an auna ta ne kafin kayan su baro can. Dole mai bincike ya sake gwadawa a nan. Ƙwayoyin PC12, wasu ƙwayoyin reno na babban ɓera, na fitar da zare-zare kamar jijiya cikin 'yan kwanaki idan an ba su NGF mai rai, ana gani da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum. VEGF ana gwada shi da yaɗuwar ƙwayoyin HUVEC, wato na cikin hanyar jinin cibiyar jariri. Wanda ba shi da ƙwayoyin reno na iya gwada VEGF ko FGF-2 a kan tantanin ƙwan kaza mai ɗan tayi, ya ƙirga sababbin hanyoyin jini.

A gwada ƙarfi huɗu ko biyar, ba ɗaya ba. A sa rukunin kwatance da aka ba ruwan narkarwa da BSA kaɗai, da wani da aka ba furotin ɗin bayan an tafasa shi: tafasa na kashe furotin amma ba ta kashe endotoksin, saboda haka idan tasirin bai gushe ba, guba ce ke aiki. Abin takaici ne ɗalibi ya shafe shekara ya rubuta cewa BDNF bai kare ƙwayoyinsa ba, alhali furotin ɗin ya mutu tun a hanya, kuma gwajin mako ɗaya zai nuna masa hakan.

Ni auna BDNF ko VEGF nake so in yi a jinin marasa lafiya. Shi ne wannan?

A'a, kayan awo na ELISA ake bukata, ko da yake a cikinsu akwai ɗan furotin rikombinan da ake kwatanta samfuri da shi, kuma duk ƙa'idojin sanyi da aka ambata sun shafe shi. Abin da ya fi ruɗar masu wannan aiki shi ne filatilet, ƙwayoyin daskarar da jini, suna ɗauke da BDNF da VEGF kuma suna zubar da su yayin da jini ke daskarewa. Saboda haka siram, ruwan da ke rage bayan jini ya daskare, na nuna adadi sama da filasma, ruwan jinin da aka hana daskarewa, nesa, kuma tsawon lokacin da aka bar jinin kafin a juya shi na canza lambar. A zaɓi ɗaya, a tsayar da lokaci ɗaya ga kowa. A kuma duba ko kayan awon na bambanta cikakken BDNF da proBDNF, domin na biyun na kama p75 kuma aikinsa na iya zama kishiyar na farko. Ƙaramin ɓera kuwa kusan babu BDNF a jininsa, saɓanin mutum da babban ɓera.

Zan iya yi wa ɓeraye allurarsa a jijiya ko a ciki in ga tasiri a ƙwaƙwalwa?

Da wuya. BDNF na ɓacewa daga jini cikin mintuna, kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba ya barin furotin mai girmansa ya wuce sai kaɗan. Masu wannan aiki sukan zuba shi kai tsaye cikin kogon ƙwaƙwalwa da ƙaramin famfo, ko su bi ta hanci, ko su dasa ƙwayar gadonsa. Duk wannan na bukatar furotin mai yawa da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ga mai ƙaramin kasafi, tambayar da ta fi dacewa ita ce ko wani abu, kamar motsa jiki ko wani tsiro da ake nazari, yana ƙara BDNF da ƙwaƙwalwar ɓeran ke ƙerawa da kanta.

Akwai wata cuta ta yankinmu da wannan bincike ya shafa kai tsaye?

Akwai, ita ce gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya, kuma wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Sakkwato aka wallafa a 2007 ya same ta a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. An daɗe ana danganta ta da wankan jego da kunun kanwa, tun binciken Zariya na shekarun 1970, amma nazarin baya-bayan nan ya karkata zuwa hanyoyin jinin zuciya. A ƙarshen ciki mabiyiya na fitar da wani furotin mai suna sFlt-1 da ke kama VEGF ya hana shi aiki, wani gutsuren furolaktin, sinadarin da ke kawo nono, shi ma yana cutar da ƙananan hanyoyin jini. A wani aiki da aka wallafa a 2012, ɓerayen da aka sa wa irin wannan cuta sun tsira da aka haɗa musu VEGF da bromocriptine, maganin da ke hana fitar furolaktin.

Wannan sakamakon ɓera ne, bai zama dalilin ba mai jego VEGF ba. Amma ya buɗe aikin da Sakkwato ta fi yawancin wurare damar yi, tunda matan suna zuwa asibitocinmu: a auna sFlt-1 da VEGF da PlGF (ɗan'uwan VEGF da mabiyiya ke fitarwa) a jininsu, a kwatanta da masu jego lafiyayyu, a bi su wata shida a ga wace zuciya ta farfaɗo. Wanda zai ɗauki wannan aiki ya fara da amsar awon jini da ta ajiya da ke sama, ya sami izinin kwamitin ɗa'a da yardar kowace mace a harshen da take ji, ya kuma tanadi firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa kafin ya ɗebi jinin mace ta farko.